Albashina Na Gida, Albashinta Nata: Ina Adalcin Yake?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne, matata malamar makaranta ce, 'ya'yanmu huɗu. Tun da aka cire tallafin man fetur albashina ba ya kai mu ashirin ga wata. Na ce mata mu riƙa haɗa kuɗinmu wuri ɗaya muna cefane daga ciki, ta ce ita kuɗinta nata ne, kuma ko a haka ma ta fi ni shan wahala a gidan. Na san abin da addini ya ce. Abin da nake so in ji shi ne, a ilimin tattalin arziki, gidan da ake haɗa kuɗi bai fi ci gaba ba? Sannan wace wahala ce ta fi ni sha, ni da nake fita tun safe?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya hore, ya rufa asiri. Halin da ka faɗa tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, ranar da aka cire tallafin, magidanta da yawa ke cikinsa, ko da ba kowa ke iya buɗe baki ya faɗa ba.

Tambayoyi biyu ka yi, amma ni a wurina ɗaya ce. Lokacin da ka yi maganar kuɗi ta amsa maka da maganar wahala, ka ɗauka ta kauce wa zancen. Ba ta kauce ba, Malam. Farashi ta faɗa maka. Abubuwa uku ake rabawa a kowane gida: kuɗi, aiki, da hutu. Kai ka kawo ɗaya kan tabarma ka ce a sake rabonsa, ita kuma ta ce to a kawo sauran biyun. Duk abin da zan faɗa a ƙasa bayanin wannan ne.

Bari in fara da batun haɗa kuɗi, don a nan masana suka daɗe suna tafka muhawara. Gary Becker na Jami'ar Chicago, wanda ya samu kyautar Nobel a 1992, shi ne ya shigar da harkar iyali cikin ilimin tattalin arziki da gaske. A 1965 ya nuna cewa gida ma wurin sarrafa kaya ne: shinkafar da ka sayo ba abinci ba ce sai an haɗa ta da wuta da ruwa da lokacin wani. Sai dai a tsarinsa, ana kallon gida kamar mutum ɗaya mai tukunya ɗaya, maigida mai tausayi yana rabawa. Idan haka ne, to ba ruwan kowa da hannun da kuɗi ya shigo ta cikinsa. Naira dubu goma a aljihun miji ko a bakin zanen mata, abin da gidan zai saya iri ɗaya ne.

Wannan magana ana iya gwada ta, kuma an gwada. A Birtaniya, tsakanin 1977 da 1979, gwamnati ta canza yadda take tallafa wa masu yara. Da rangwamen haraji ake yi, wanda galibi a albashin uba yake bayyana. Sai aka mayar da shi tsabar kuɗi da uwa ke karɓa da hannunta. Jimillar abin da ke shiga gida kusan bai canza ba, hannun da ke karɓa ne ya canza. Da Shelly Lundberg da Robert Pollak da Terence Wales suka bi bayanan kashe kuɗin iyalai, suka wallafa a 1997, sai suka ga abin da ake kashewa a tufafin yara da na mata ya ƙaru idan aka kwatanta da na maza. A Brazil, Duncan Thomas ya samu a 1990 cewa kuɗin da ke hannun uwa ya fi tasiri nesa ba kusa ba a kan lafiyar yara. A Afirka ta Kudu, bayan an faɗaɗa fanshon tsofaffi ga baƙar fata a farkon shekarun 1990, Esther Duflo ta ga jikoki mata sun ƙara tsawo da ƙiba a gidajen da kaka mace ce ke karɓa, musamman kaka ta wajen uwa, amma ba a ga haka ba inda kaka namiji ne ke karɓa.

Kada mata masu karanta wannan su yi saurin guɗa. An yi wasu gwaje-gwajen da ba su nuna wani babban bambanci ba. A Maroko an raba tallafin karatun yara, wasu gidajen aka ba uba wasu aka ba uwa, sakamakon ya zo kusan ɗaya. Don haka ni ba na bin masu cewa namiji ɓarna kawai ya iya, mace ce mai tattali. Na ga matan da anko ya cinye jarinsu, na ga mazan da ke yini da ruwa da goro don kuɗin makaranta ya cika. Abin da binciken ya tabbatar ya fi wannan sauƙi: kuɗi ko ya shiga gida yana da mai shi, kuma mai shi yana da ta cewa a kan inda za shi. Gida taron mutane ne masu son juna, amma kowa da abin da ya sa a gaba. Masanin tattalin arziki Amartya Sen ya kira irin wannan zaman da haɗin kai mai ɗauke da jayayya a cikinsa. Mu da muka san tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, wannan ba labari ba ne.

Hasali ma, Turawa ne suka sha wahala kafin su gano haka. Gidan Bahaushe bai taɓa zama tukunya ɗaya ba. A ƙauye akwai gandu, wanda maigida ke riƙe da rumbunsa, daga ciki ake ci, ake biyan haraji a da, ake yi wa samari aure. Gefe guda kuma akwai gayauna, wadda abin da mutum ya noma a cikinta nasa ne. Wata mai bincike, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta rubuta yadda matan kulle ke gudanar da wata kasuwa sukutum daga cikin gidajensu, ana sayar da hatsi da man gyaɗa da dafaffen abinci ta hannun yara, ba tare da wani ya kafa rumfa ba. Kuma kowa ya tashi a cikinmu ya ga maigida ya zaro kuɗi ya sayi ƙosai ko fura a wurin matarsa, ko ya ranci kuɗi a hannunta ya biya bayan kaka. Ba wanda ke ganin wannan rashin so ne. Tsari ne: ci da sha da sutura da muhalli a wuyan miji suke, abin da mace ta samu daga ƙuli-ƙulinta, da kitsonta, da awakinta, nata ne, kamar yadda sadakinta yake nata.

To ka ga abin da ka nema a wurinta ba ƙaramin abu ba ne, sabuwar yarjejeniya ce. Ba laifi ba ne a nemi sabuwar yarjejeniya. Idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, kuma tsohon tsarin bai san da matar da ke fita ƙarfe bakwai da rabi ta dawo ƙarfe biyu da albashi a banki ba. Amma yarjejeniya ba a canza rabinta a bar rabi.

Yanzu ga inda kake da gaskiya. Rarrabuwar aljihu tana da asara, kuma an auna ta. Christopher Udry ya yi nazarin gonakin manoma a Burkina Faso, ya wallafa a 1996. Ya kwatanta gonar miji da ta mata a gida ɗaya, shuka iri ɗaya, shekara ɗaya, ƙasa mai kama da juna. Gonar matar tana bayar da amfanin da ya gaza na mijin da kusan kashi 30 cikin ɗari, saboda kusan duk taki da mafi yawan ƙwadago a gonar mijin ake zuba su. Kowane manomi ya san buhun taki na farko ya fi na biyar amfani. Da za a ɗebi kaɗan daga gonar mijin a kai ta matar, abin da gidan gaba ɗaya ke girbewa zai ƙaru da wajen kashi 6 cikin ɗari, ba tare da an sayi ko mudu ɗaya na ƙari ba. Amma ba a yi, domin kowa na tsoron abin da ya zuba a gonar ɗan'uwansa ba zai dawo masa ba.

Irin wannan asarar tana nan a gidajen birni, kamanninta ne kawai daban. Miji na karɓar bashin cefane a shagon unguwa da tsada, ko yana cin bashin manhajar waya mai kuɗin ruwa, alhali matarsa na da kuɗi kwance a asusu. Ana sayen shinkafa kwano-kwano duk bayan kwana uku, alhali da an haɗa an ɗauki buhu lokacin kaka da an rage kuɗi mai yawa. A Kamaru, Jean-Marie Baland da abokan aikinsa sun gano a wasu ƙungiyoyin ajiya da lamuni cewa kusan bashi ɗaya cikin biyar, masu karɓarsa suna da ajiyar da ta kai yawan bashin a wuri ɗaya. Suna biyan kuɗin ruwa a kan abin da suke da shi. Da aka tambaye su dalili, suka ce don idan dangi suka zo roƙo su nuna takardar bashi. A unguwar Kibera ta Nairobi kuma, Siwan Anderson da Baland sun nuna a 2002 cewa matan aure masu ɗan abin samu su suka fi shiga adashi, kuma babban dalili shi ne da zarar kuɗin ya tafi wurin uwar adashi, miji ba ya iya cewa a kawo. Mutane na biyan kuɗi don su ɓoye kuɗi.

Na taɓa zuwa wani aikin tattara bayanan gidaje a wani ƙauye, inda ƙa'ida ita ce a tambayi miji daban, mata daban. Na zauna da maigidan a zaure a kan buzu, abokiyar aikina ta shiga ciki. Na tambaye shi dabbobi nawa ne a gidan, ya ƙirga shanun nomansa biyu da tumaki, ya ce matarsa tana da 'yan awaki uku. Da yamma muka haɗa takardu, sai ga awakinta sun ninka haka. Sauran suna gidan yayarta a wani ƙauyen, an ba da kiwo. Da aka tambaye ta buhu nawa maigida ya samu bana, sai ta yi dariya ta gyara lulluɓi ta ce, “Rumbun nasa ai ba a leƙawa.” Shekarunsu sama da ashirin tare, kuma kowa a garin zai shaida maka suna zaman lafiya.

Shi ya sa zan mayar maka da tambaya, kuma ba sai ka amsa mini ba: ta san nawa ne albashinka? Ta san nawa ake cirewa na bashin ƙungiyar ma'aikata, nawa kake tura wa Hajiya a gida, nawa ke tafiya a kuɗin makarantar ƙanenka? Da yawa daga cikinmu muna son a haɗa kuɗi, amma nata da ya fito fili muke so a haɗa da namu da ba a gani. Wanda bai ga gindin tukunya ba ba zai zuba nasa a ciki da daɗin rai ba.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan nauyi, wanda mata ba su cika faɗa ba saboda kunya ko gudun a ce suna yi wa aurensu mugun fata. Masanan da suka zo bayan Becker, tun daga 1980, sun kalli zaman aure a matsayin ciniki tsakanin mutum biyu, suka ce ƙarfin muryar kowa a cikin gida ya danganta da halin da zai shiga idan zaman ya lalace. Duba lamarin da idonta. Idan aka rabu, ita ce ke kwashe kaya ta bar gidan. Idan ka ƙara aure, kuma kana da damar yi, abin da kake kawowa za a raba shi. Idan ta Allah ta kasance a kanka, Allah ya ba ka tsawon rai, tumunin dukiyarka ne rabonta tunda akwai 'ya'ya, kuma idan da abokiyar zama tumunin nan za su raba. Ga kayan ɗakin 'ya'yanta mata da al'ada ta ɗora wa uwa kaso mai tsoka, ga nata iyayen, ga bikin da aka yi mata wanda dole ta rama. Kuɗin da ke hannunta shi ne inshorarta.

Ga kuma wani lissafi da na ga ya kashe amana a gidaje da yawa. Mata ta ɗauki cefane, wato nata kuɗin ya tafi a tumatir da man girki da omo, abubuwan da ake cinyewa a manta. Sauƙin da miji ya samu sai ya tara shi ya sayi fili da sunansa. Bayan shekara goma, shi yana da takardar fili, ita tana da labari. Wani lokacin ma a ɗakin da aka gina da sauƙin nan ake saka amarya. Duk macen da ta ga an yi wa yayarta ko maƙwabciyarta haka, ba wani malamin tattalin arziki da zai lallashe ta ta haɗa aljihu. Kai ba ka yi ba, na sani, amma kana biyan bashin waɗanda suka yi.

Mu dawo kan tambayarka ta biyu, wadda ita ce zuciyar maganar. Wace wahala ta fi ka sha?

Wani masanin Ingila, Arthur Pigou, ya yi wani barkwanci tun 1920: idan mutum ya auri mai yi masa aikin gida, lissafin arzikin ƙasa zai ragu, domin aikin da ake biya jiya yau ya zama kyauta, duk da cewa shara da girkin ba su canza ba. Aikin da ba a biya ba ya ɓacewa daga lissafi, daga nan sai ya ɓace daga ido. A 1934 Margaret Reid ta ba da ma'auni mai sauƙi na gane aiki: duk abin da za ka iya biyan wani ya yi maka, aiki ne. Za ka iya biyan wani ya yi maka wanki, ya yi girki, ya yi raino, ya kai yaro asibiti. Ba za ka iya biyan wani ya yi maka barci ko ya kalli ƙwallo a madadinka ba. Da wannan ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2018 cewa mata ne ke yin fiye da kashi uku cikin huɗu na aikin kula da gida da ba a biya a duniya: awa 4 da minti 25 a rana, maza kuma awa 1 da minti 23. Wannan matsakaicin duniya ne, har da ƙasashen da ke da injin wanki da ruwan famfo da wutar da ba ta ɗaukewa.

Ban san gidanka ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma bari in zana maka ranar malamar makaranta mai 'ya'ya huɗu, ka gyara inda na yi kuskure. Ta tashi kafin kiran assalatu ta ɗora ruwan zafi. Bayan salla ta dama koko ko ta soya wani abu, ta zuba na makaranta a kwanuka, ta yi wa ƙananan wanka, ta nemo safar da ta ɓata, ta taje kan 'yar autar tana kuka. Ta shirya kanta a minti goma. Ta tsaya a gaban allo har azahar ta wuce, tana fama da 'ya'yan wasu. Ta dawo ta tarar da wanke-wanken safe, ta ɗora na rana, ta kora yara Islamiyya, ta aika niƙa, ta leƙa ko ɗan garuwa ya zo. Kafin ta ankara la'asar ta yi sanyi, sai tuƙin tuwo. Bayan isha ga aikin gida na yara, ga littattafan ɗalibai da za ta duba, ga na goye da ba ya barci sai a jikinta. Asabar kuma ranar wanki ce.

Kai ma ka fita tun safe, gaskiya ne. Ka sha rana, ka sha cunkoso, ka sha fuskar oga, kuma nauyin tunanin inda kuɗin haya zai fito wahala ce da ba ta da awa. Ba na raina wannan ko kaɗan. Amma tambayar da ke raba gardama ita ce: daga magariba zuwa ƙarfe goma, ina kake, ina take? Idan kana majalisa ko teburin mai shayi ko gidan kallon ƙwallo, to kana da awa biyu ko uku a jere da ba mai kiran sunanka. Masu nazarin yadda ake amfani da lokaci sun daɗe da lura cewa bambancin maza da mata bai tsaya a yawan hutu ba, har da irinsa. Hutun mace yankakke ne, kuma a cakuɗe yake da aiki: tana kallon fim tana tsinke zogale, tana hira a waya kunnenta na kan tukunya. Minti goma sau shida ba su kai awa ɗaya cikakkiya ba, kamar yadda gyangyaɗi shida ba su zama barci.

Zan yi wa majalisa adalci, don ni ma ɗan majalisa ne. A can ake jin labarin aiki, a can ake samun wanda zai ranta maka, a can ake sanin wanda ya rasu da wanda aka kwantar. Rabinta hutu ce rabinta jari. Haka ma biki da suna a wurin mata: wanda ya ga sun ci ado zai ce shaƙatawa suka tafi, alhali gudummawar da ake kaiwa ajiya ce da za a dawo da ita ranar buƙata. To amma a ƙirga sau nawa take zuwa biki a wata, sau nawa kake zuwa majalisa a mako.

Kada kuma ka ɗauka hutu abin banza ne da sai mai kuɗi. A birnin Tanja na Maroko an yi wani gwaji, aka sauƙaƙa wa gidaje samun bashin jawo ruwan famfo har cikin gida. Masu binciken, cikinsu da Duflo, sun wallafa sakamakon a 2012. Kuɗin shigar gidajen bai ƙaru ba, lafiyarsu ma ba ta canza sosai ba, domin dama ruwan da suke ɗebowa a famfon unguwa mai tsabta ne. Lokacin da suka samu a hutu da zumunci suka kashe shi. Rigima a kan ruwa ta ragu, tsakanin 'yan gida da kuma tsakanin maƙwabta, kuma mutanen suka ce sun fi jin daɗin rayuwarsu. Ga shi sun yarda sun ci bashi don wannan. Talaka ma ya san darajar ya zauna ya miƙe ƙafa.

Wani abin da nake so ka sa wa ido: idan lokacin uwa ya ƙare, ba a kan uba gibin ke faɗawa ba, a kan babbar 'ya yake faɗawa. Enid Schildkrout, wadda ta yi nazarin yara a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda sana'ar matan kulle ta dogara kacokan a kan yara masu talla da aike, da yadda hakan ke karo da zuwansu makaranta. Yau a gidan ma'aikata ba talla ake ɗora mata ba, raino da wanke-wanke ne. Idan kana da 'yar shekara goma sha biyu, duba ko ita ce ke biyan kuɗin wannan gardama da lokacin karatunta, yayin da ɗan'uwanta ke filin ƙwallo.

Ka ce ka san abin da addini ya ce, don haka ba zan tsawaita ba, kuma fatawa ta malamanta ce. Zan tuna maka kawai cewa ayar da ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arzikinsa ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi, tana cikin Suratuɗ Ɗalaƙ, kuma sauƙi ce gare ka: ba a ɗora maka abin da ya fi ƙarfinka ba. Abin da mace ta bayar daga nata, da daɗin rai ake karɓarsa. Kuma da aka tambayi Nana A'isha abin da Manzon Allah (SAW) ke yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi ya fita.

To me nake ba ka shawara? Kada ka nemi tukunya ɗaya. Nemi uku: taka, tata, da ta gida. Ta gidan a rubuta abin da ke cikinta, abinci, kuɗin makaranta, wuta, ruwa, magani, a san jimillarsa a wata. Kai ne za ka fara buɗe naka lissafin, da takardar albashi da duk abin da ake cirewa, kafin ka tambayi nata. A ce misali kana ɗaukar dubu 150, tana ɗaukar dubu 70, hidimar gida kuma na cin dubu 170. Gibin a bayyane yake, ba sai an yi rantsuwa ba, kuma mace da ta ga gibi da idonta daban take da wadda aka ce mata kawai “babu.” Abin da za ta sa, ita za ta faɗa. Ya fi kyau ta ɗauki abu mai suna, kamar kuɗin Islamiyya ko gas, maimakon a ce ta riƙa “taimakawa,” domin taimako ba shi da iyaka, kuma abin da ba shi da iyaka shi ke haifar da ƙorafi.

Idan rance ne, a kira shi rance, a rubuta, a biya ranar da aka ce. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take, kuma ba ta cire ma'aurata ba. Biyan bashin farko a kan lokaci shi ke buɗe ƙofar na biyu. Idan kuma sauƙin da ta kawo ya sa an sayi fili ko babur ko firji, a sa sunanta a kan kasonta, a takarda, da shaidu.

Sannan ka biya da irin kuɗin da ta ce maka tana buƙata, wato lokaci. Wani ana saya: gas maimakon gawayi, tankin ruwa, kai manyan kaya wurin wanki da guga, mai taya aiki ko da na rabin yini, babba ba ƙaramar yarinyar da aka raba da makaranta ba. Wani kuma ba ya sayuwa sai ka yi da kanka. Kai yara makaranta da ɗauko su, zama da su a kan aikin gida bayan magariba, gugar kayanka, kai mara lafiya asibiti, riƙe na goye awa ɗaya ranar Asabar ta rufe ƙofa ta yi barci. 'Yan majalisa za su yi maka tsiya kwana biyu, ranar ta uku wani zai jawo ka gefe ya tambaye ka yadda ka yi.

Kafin duk wannan, ga abin da muke yi a aikin bincike, kuma ba ya cin ko sisi. Ku sami littafin rubutu guda biyu. Kwana bakwai, daga Asabar zuwa Juma'a, kowa ya rubuta abin da yake yi duk bayan rabin awa, tun daga tashi har kwanciya. Idan abu biyu ake yi lokaci ɗaya a rubuta duka biyun. Kada wani ya leƙa na wani sai ranar ƙarshe. Ranar Juma'a da daddare, bayan yara sun yi barci, ku ja layi a ƙarƙashin duk rabin awar da mutum yake zaune ba ya yi wa kowa komai, ku ƙirga naka, ku ƙirga nata. Takardar albashinka ta kasance a kusa, don daga nan za ku wuce kanta.